Bushewar Fata a Lokacin Hunturu: Abin da Kowannenmu Ya Gwada a Gida

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum. Tun da sanyin bana ya kankama nake fama da bushewar fata irin wadda ban taɓa gani a jikina ba. Ƙwaurina ya yi furu-furu, idan na ja farce a kai sai farin layi ya fito, da dare kuma ƙaiƙayi yakan tashe ni sau biyu ko uku. Gaɓoɓin yatsuna sun tsattsage, har idan na dunƙule hannu sai ɗan jini ya tsatso. Na canza man shafawa sau uku cikin wata guda, amma in na shafa da safe, kafin rana ta take jikin ya koma yadda yake. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mana abin da suka yi da kayan da ake samu a gida, wanda ya yi musu aiki da wanda bai yi ba, domin na fi son jin ta bakin wanda ya gwada a jikinsa.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da fama. Kafin a shiga lissafin mayuka, ina so in tambaye ki abu ɗaya: wane lokaci kike shafa man? Na yi shekaru ina yin yadda galibin mutane ke yi, wato in fito wanka, in goge jikina ƙarau da tawul, in yi wasu 'yan hidimomi, sannan in zauna shafa mai. Duk tsawon wannan lokaci ina ɗora wa mai laifi, alhali laifin na jinkirin ne.

Mai ba ya ƙara wa fata ruwa. Aikinsa shi ne ya rufe saman fata domin ruwan da ke cikinta kada ya tsere. Iskar sanyi ba ta riƙe danshi da yawa, saboda haka tana zuƙe ruwan da ke cikin fatar sama da sauri fiye da yadda jiki ke mayar da shi, kuma idan aka shafa mai a kan busasshiyar fata, babu abin da zai tsare sai ƙyalli kawai. Abin da na koma yi shi ne in dadanna tawul a jiki ba tare da gogewa ba, in bar fatar da ɗan laimarta, in shafa mai nan take, cikin minti uku zuwa biyar da fitowata. Da man kaɗanya nake yi. Nakan ɗebi kamar girman ƙwayar wake, in murza shi a tafin hannu har ya narke, sannan in bi ƙwauri da gwiwar hannu da duk inda ya fi bushewa. Cikin kwana biyar na daina susa da dare, kuma man da nake amfani da shi bai canza ba.

Abu na biyu shi ne ruwan wanka. Na san daɗin ruwa mai zafi da safiyar sanyi, ni ma ban rabu da shi cikin sauƙi ba, amma yana wanke ɗan maiƙon da fata ke fitarwa domin kare kanta, kamar dai yadda yake cire maiƙo daga kwano. Ki koma ruwan ɗumi, kada wankan ya wuce minti biyar zuwa goma. Sabulu kuma ki taƙaita shi ga hammata da matse-matsi da ƙafa. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu, tana wajen 5, sabulun sanda na gama-gari kuwa yana kaiwa 9 ko 10, shi ya sa mutum yake jin fatarsa ta ɗaure bayan ya yi amfani da shi. Ƙwaurin da ya riga ya bushe ba ya buƙatar soso kullum.

Baban Yarinya

Na gode wa Mama da wannan bayani, kuma ina so in ƙara gargaɗi a kan man zaitun, domin ni ya ba ni wahala. 'Yata mai shekara huɗu tana da ciwon fatar nan da likitoci ke kira ekzima, wanda yakan tashi mata a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu duk lokacin sanyi. Bara na riƙa shafa mata man zaitun safe da yamma, ina ganin tunda mai ne mai kyau a ci, zai yi kyau a fata. Bayan mako biyu wurin ya ƙara ja, tana susa har tana kuka cikin barci. Da muka je wurin likitar fata, tambayarta ta farko ita ce me muke shafa mata, da na faɗa sai ta ce mu dakata da shi a ranar.

Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Jami'ar Shefil ta Ingila, aka wallafa a 2013. An sa manya 19 suna ɗiga man a damtsensu na ƙasa sau biyu a rana har tsawon makonni, sai aka ga man zaitun ya raunana shingen fatar sama har ya jawo ɗan ja, man sanfulawa kuwa, wanda ake tatsa daga 'ya'yan furen nan mai bin rana, bai yi wannan illa ba, ya ma ƙara wa fatar danshi. Bambancin yana cikin irin kitsen da ke cikin kowannensu: na zaitun ya fi yawan sinadarin oleyik, wanda ke sassauta haɗin fatar sama, na sanfulawar da aka gwada kuma ya fi yawan linoleyik, wanda fata ke amfani da shi wajen gina shingenta. Mutum 19 ba su da yawa, na sani, amma abin da aka gani a jikinsu shi na gani a jikin 'yata. Yanzu basilin tsantsa, marar turare, muke shafa mata bayan wanka, tare da maganin da likita ta rubuta idan ciwon ya tashi.

Hajiya Kaka

Ɗana, Allah ya ba jikata lafiya. Ni kam na fi shekara talatin ina shafa man zaitun a ƙafafuna, ban taɓa ganin illarsa ba, kuma ba zan ce maka ka yi kuskure ba. Fatar tsohuwa mai lafiya daban, fatar yarinya mai ciwo daban. Abin da nake koya wa jikokina shi ne duk sabon abin da za su shafa, su fara ɗiga kaɗan a cikin hannu kusa da gwiwar hannu, su yi haka kwana biyu ko uku suna dubawa. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, sai a ajiye shi ko da kowa yana yabonsa.

Mai Aikin Wanke-Wanke

A ɗakin girki na wani wurin cin abinci nake aiki, kuma hannuna yana cikin ruwa da sabulu kusan awa shida a rana. Hunturun da ya wuce yatsuna sun tsage sosai, har ɗaure igiyar takalmi yana yi mini zafi, kuma akwai wata tsaga a gefen babban yatsana da ta yi wata guda ba ta rufe ba, domin kullum da safe sai ta sake buɗewa.

Na fara da man kwakwa. Yana da daɗin shafawa, yana shiga fata da sauri, kuma a sanyi yakan daskare, tunda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 24 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka sai an murza shi a hannu. Ya taimaka wa damtsena, amma bai isa ga yatsun ba, domin wanki ɗaya yake tafiya da shi. Na kuma yi kuskuren shafa shi a fuska, sai ƙuraje suka feso mini a goshi cikin mako guda, na daina.

Abin da ya rufe tsagar shi ne wannan: da dare nakan jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi na minti biyar, in tsane su kaɗan, in shafa zuma siririn shafi a kan tsagar, in bar ta minti goma sha biyar, in ɗauraye, sannan in lafta basilin in sa safar hannu ta auduga in kwanta da ita. Zuma tana jawo danshi ta riƙe, basilin kuma yana rufewa. Daren farko safar ta dame ni, na cire ta cikin barci, amma a dare na huɗu na tashi na ga bakin tsagar ya haɗe, fatar da ke kewaye da ita ta yi laushi. A wurin aiki kuma na koma sa safar roba, da ta auduga a cikinta, domin roba kaɗai tana tara gumi, gumin ma yana cin fata. In da na fara da safar tun farkon sanyi, da ban kai ga wannan hali ba, kuma ita nake fara ba duk sabon ma'aikacin da aka kawo mana.

Ɗaliba

Ni abin da zan faɗa gargaɗi ne kawai. An ce mini in haɗa ruwan lemon tsami da sukari in goge fuska domin busasshiyar fatar ta fita. Na yi sau biyu. Fuskar ta yi raɗaɗi, da na shiga rana kuma sai wasu baƙaƙen tabo suka fito a kumatuna, waɗanda suka ɗauki watanni kafin su dushe. Ruwan lemon tsami yana ɗauke da sinadarin da ke ƙona fata idan hasken rana ya same shi. Don Allah kada wanda fatarsa ta tsage ya kusanci wannan haɗi.

A kan leɓɓa kuma, lasa ita ce babbar matsalata. Leɓe ba shi da ƙwayoyin fitar da maiƙo kamar sauran fata, miyau kuwa yana bushewa ya tafi da ɗan danshin da ya rage. Ɗan basilin kafin barci da kafin fita ya wadatar da ni.

Malamin Makaranta

'Yar uwa mai tambaya, ki duba ɗakin da kike kwana. Ni ƙaiƙayina ya fi tsanani a daren da na kwana da na'urar ɗumama ɗaki a kunne, domin iskar da aka ɗumama tana ƙara bushewa. Na sayi ƙaramin ma'aunin danshi, na ga ɗakina yana sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, alhali abin da aka fi so a cikin gida shi ne tsakanin 30 zuwa 50. Na rage zafin na'urar, na riƙa shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin nesa da ita, daga baya na sayi na'urar fesa tururi, wadda dole a riƙa wanke ta a kai a kai domin kada ta tara ƙwayoyin cuta. Rigar ulu ma na daina sa ta kai tsaye a jiki, sai na sa ta auduga a ƙarƙashinta.

Domin ƙaiƙayin kansa, abin da ya fi kwantar mini da shi shi ne garin ots, hatsin nan na Turawa da ake dama kunu da shi. Nakan niƙa kofi ɗaya ya yi laushi sosai, in zuba a ruwan ɗumi har ruwan ya yi fari kamar madara, in jiƙa jikina na minti goma, in shafa mai da fitowata. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan gari a matsayin abin kare fata tun 2003. A kula kawai, yana sa ƙasan wurin wanka santsi.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Jinya

Na dawo saboda abubuwa biyu da bai kamata a wuce su ba. Na farko, kaushi da faso. Jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa mai mai kauri a sa safa a kwana, wannan yana aiki ga yawancin mutane. Amma mai ciwon suga kada ya kankare dunduniyarsa da reza ko wuƙa, kada ya shafa mai a tsakanin yatsun ƙafa, kuma duk faso da ya yi ja, ya kumbura ko ya fara fitar da ruwa, asibiti za a kai shi a ranar. Na ga ƙafafun da ƙaramin faso ya zama musu babban gyambo saboda mai ƙafar ba ya jin zafin. Haka nan bushewar da ta ƙi jin komai bayan makonni, musamman idan ta zo da kasala da yawan jin sanyi, tana iya zama alamar raunin tayirod, wata 'yar halitta da ke gaban wuya, ko wata cuta ta ciki, kuma gwajin jini ne zai nuna.

Na biyu, ga masu kwana da basilin ko wani mai a jiki: man yana shiga tufafi da zanen gado, kuma ƙyallen da ya sha mai yana kama wuta da sauri. A nisanci murhu, kyandir da taba da irin waɗannan kaya, a riƙa wanke su akai-akai, ko da yake wanki ba ya fitar da man gaba ɗaya.

Maman 'Yan Biyu

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana goma sha biyu ke nan da na fara bin shawarwarinku, shi ya sa na dawo in ba da labari. Mama, amsar tambayarki ita ce nakan shafa mai ne bayan na gama shirya yara, wato kusan rabin awa da fitowata wanka. Yanzu na mayar da kwalbar man kaɗanyar cikin banɗaki, kusa da tawul, domin kada in sami dalilin jinkiri. Ƙwaurin ya daina yin fari, kuma dare shida ke nan ƙaiƙayi bai tashe ni ba. Ruwan zafin ne ban gama rabuwa da shi ba, amma na rage shi sosai, na kuma rage tsawon wankan.

Hannuwan sun fi jinkiri. Tsagogi uku sun rufe da basilin da safar auduga, saura ɗaya a kan yatsan tsakiya na hannun dama, wadda take sake buɗewa duk ranar da na yi wanki. Na sayi safar roba jiya kamar yadda ɗan uwanmu mai aikin wanke-wanke ya ce. Idan ta kai ƙarshen mako mai zuwa ba ta rufe ba, zan kai ta a duba.