25 ga Disamba: aro aka yi daga bikin Romawa ko lissafi ne?

Ɗan Auta: Barkanku da war haka, iyayena da yayyena. Wani ya ce mini Kirsimeti bikin bautar rana ne na Romawa aka sauya wa suna. Maganar ta tsaya mini a rai.

Yaya Babba: Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. Duba Bisharar Matiyu da ta Luka, ba inda aka ambaci watan da aka haifi Yesu, balle ranar. Luka ma cewa ya yi makiyaya suna kwana a fili suna tsaron garkensu. Wa zai yi haka a tsakiyar hunturu? Sarki Aureliyan ya gina wa allahn rana haikali a birnin Rum a 274, kuma a kalandarsu 25 ga Disamba ne lokacin da yini ke fara ƙara tsawo. Ga kuma shagalin Saturnaliya, bikin allahnsu Saturn, daga 17 zuwa 23 ga watan.

Malama: Yaya, cewa Bishara ba ta faɗi ranar ba, wannan ba gardama. Inda na rabu da kai shi ne batun aro. Tun wajen shekara ta 200 Tertuliyan, wani marubucin Kirista, ya rubuta cewa ranar 25 ga Maris aka gicciye Yesu. Daga baya fahimta ta yaɗu cewa a ranar da ya mutu aka ɗauki cikinsa. Ƙirga wata tara daga nan ka ga inda za ka sauka. Sannan kundin da ya fara nuna bikin haihuwar allahn rana a 25 ga Disamba, na shekarar 354, shi ne dai ya kawo haihuwar Almasihu a Baitalami a wannan ranar. To da wace hujja za ka ce wannan ne ya kwaikwayi wancan?

Yaya Babba: Malama, lissafin ya yi daidai fiye da kima. Ba na tsammanin haɗuwar ranakun nan katari ce kawai.

Baba Dattijo: Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. Magabata ba su taɓa zama baki ɗaya a kan ranar ba. Kilemen na Iskandariyya, malamin ikilisiyar farko, ya ambaci masu cewa Afrilu da masu cewa Mayu. Yohanna Kirisostom, da yake wa'azi a Antakiya wajen 386, ya ce ko shekara goma ba su yi da sanin bikin 25 ga Disamba ba. Har yau Armeniyawa 6 ga Janairu suke yi. Kibɗawan Masar, Habasha da Rasha kuma 7 ga Janairu, saboda tsohuwar kalanda ta ba da ratar kwana 13.

Ɗan Auta: To Baba, in ba a san ranar ba, me muke tunawa?

Baba Dattijo: Zaman Kalmar Allah mutum, wato Yesu, ɗana, kamar yadda Yohanna ya buɗe Bishararsa. Haihuwar muke tunawa, ba mu ce mun riƙe takardar shaidarta ba.

Yaya Babba: Na yarda da ma'anar, Baba. Amma ai Kiristoci ne da kansu suka hana bikin a Ingila a 1647, suna cewa ba shi da tushe a Littafi Mai Tsarki.

Malama: Sun hana, a 1660 kuma aka dawo da shi. Hanin bai tabbatar da aro ba, Yaya. Kawo mini marubuci ɗaya na ƙarni na huɗu da ya ce ikilisiya ta ɗauko ranar daga masu bautar rana, sai mu ɗora daga nan.