Shin 4,294,967,297 tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Ɗan kasuwa, Mile 12: Assalamu alaikum, jama'a. Ina nan kan bakana cewa 4,294,967,297 tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. Jiya bayan an gama sauke kwandunan tumatir na zauna da kalkuletar shago, na raba ta da 3, da 7, da 11, na yi ta tafiya har 97, kuma ko sau ɗaya ba ta fita babu saura ba. Ga 'yan'uwanta nan, 3, 5, 17, 257 da 65,537, dukkansu ba sa rabuwa.

Malamin lissafi, Agege: Wa'alaikumussalam, Alhaji. Ba kai ne na farko da ya ɗauka haka ba, domin a 1640 Fermat, masanin lissafi na Faransa, ya yi wannan zato da hujjar nan taka ta 'yan'uwa biyar. Ita lambar, 2 ce guda 32 aka ninka da juna, sannan aka ƙara 1, kamar yadda aka samo 'yan'uwan nata daga 2 guda 1, guda 2, guda 4, guda 8 da guda 16. Amma a 1732 Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Switzerland, ya nuna tana rabuwa. Ɗauko kalkuletar ka buga 641 sau 6,700,417.

Ɗaliba, Idi-Araba: Malam, na buga, kuma ta fito cif. Sai dai ban yarda cewa laifin Baba Alhaji tsayawa a 97 kawai ba ne, domin wanda zai bi hanyarsa har ya tabbatar lamba irin wannan ba ta rabuwa, dole ya gwada har kusan 65,536, tunda 65,536 sau 65,536 saura 1 kawai ta kai lambar. Shin Euler sa'a ya taka?

Malamin lissafi: Ko kusa, 'yata, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Euler ya tabbatar cewa duk lambar da za ta raba wannan, in aka cire mata 1, dole ta rabu da 64. Don haka a cikin lambobi marasa rabuwa, 193, 257, 449 da 577 kaɗai ke gaban 641 a layi. Gwaji na biyar ke nan, a zamanin da babu na'ura sai alƙalami da takarda.

Ɗan kasuwa: Na ga 641 da idona, ba zan musa ba. Amma ɗana mai karatun kwamfuta ya taɓa nuna mini lamba mai kama da ita, ya ce ba ta rabuwa.

Malamin lissafi: Ina kyautata zaton 2,147,483,647 ya nuna maka, wato 2 guda 31 a ninka da juna, sannan a cire 1. Wannan kam ba ta rabuwa, kuma Euler ɗin ne ya tabbatar a 1772.

Ɗan kasuwa: To, ni dai ban cire rai ba cewa a gaba cikin dangin Fermat akwai wata marar rabuwa.

Ɗaliba: Babu wanda ya isa ya ƙaryata ka, Baba, tunda har yau ba a tabbatar da babu ba. Amma tun daga 65,537 ba a sake samun ko ɗaya ba.