Neman shawara: wakilcin mai aiki a ginin data senta a Riyad

Abu Khadija, Riyad:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba kamfaninmu wakilcin mai aiki a wani ginin data senta (cibiyar manyan kwamfutocin adana bayanai), wato mu ne idonsa a kan ɗan kwangila. Na saba da ginin ofisoshi amma wannan wallahi daban ne, me ya kamata in fi sa wa ido?

Injiniya Bakano, Dammam:
Wa alaikumus salam. Ƙanena bulo da siminti ba su ne matsalar ba, wuta da sanyaya su ne aikin. Tun yanzu ka matsa kan layin wuta daga kamfanin lantarki, sannan taransifoma da janareto da injinan sanyaya a yi odarsu da wuri don wasu sai su haura shekara ba su iso ba, gini ya tashi kana zaune mai aiki yana ta kiranka.

Ummu Sadiq, Jidda:
Ka kuma lissafa zafi a jadawalinka. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, kar ɗan kwangila ya zo daga baya ya ce shi ya jawo latti.

Injiniya Bakano:
Gaskiyar Hajiya. Kuma in Tier III ake so, wato mataki na uku a ma'aunin ingancin data senta, dole a iya gyara kowane inji ba tare da sabobi (manyan kwamfutocin) sun mutu ba. Kar ka sa hannun karɓar aiki sai an yanke wuta da gangan ka ga UPS (na'urar batir mai riƙe wuta) da janareto sun ɗauka da idonka.

Abu Khadija:
Na gode Yaya, Allah ya saka. Gobe zan duba maganar odar taransifoma.