Na sayi firiza ta hannu, kwana huɗu ta daina sanyi

Maman Ilham: Assalamu alaikum, don Allah ku ba ni shawara. Makon jiya na sayi firiza a wajen wata mata a Anguwan Rogo nan Jos, ta ce za su koma Abuja ne. Dubu 185 na tura mata ta banki, dillaliyar da ta haɗa mu ta karɓi la'adarta dubu 5. A gidanta na sa hannu ciki, na ji sanyi. Rana ta huɗu na ɗaura kunun aya da zoɓo, da safe na tarar ledoji sun kumbura, kunun ya yi tsami. Mai gyara ya nuna min wurin walda a jikin kwampreson, wato injin da ke sa ta sanyi, ya ce an taɓa buɗe shi. Na kira mai firizar, ta ce ta sallama, ciniki ya ƙare. Kuɗin adashena ne. In kai ƙara, ko in gyara in haƙura? Asabar za su tashi.

Ummu Haidar: Ki ɗauki rasit ki koma shagon, dole su canza miki.

Maman Ilham: Ba shago ba ne 'yar'uwa, a gida na saya.

Baban Sadik: Hajiya, ni na ga irin wannan. Janareta na saya hannun abokin ƙanina, ya tayar min a gabana, ashe mai mai kauri ya sa wa injin don kada hayaƙi ya fito. Sati biyu ya buga. Na kai yaron ofishin 'yan sanda, kuɗin mota da zirga-zirga suka ci min rabin abin da nake bi. Daga baya iyaye suka shiga, aka ce in bari saboda zumunci. Yau shekara uku, janaretan na nan bayan ɗakina kaji na kwana a kansa, yaron kuma ko gaishe ni ba ya yi. Abin da ya fi ƙona min rai, ƙanin nawa shi ya tsaya masa.

Ummu Haidar: Allah ya isar maka Baba. Ƙaninka bai kyauta ba.

Ɗan Gangare: A Jos ma me za a yi da firiza? Ki jira Disamba, ki ajiye kunun a tsakar gida, hunturu zai yi miki aikin kyauta.

Mai Gyaran Sanyi: Hajiya, a kwance kuka ɗauko ta cikin Keke? In an kwantar da firiza, man kwampreso kan gangara cikin bututu, shi ya sa ake barin ta a tsaye na wasu awanni kafin a kunna. Kwampreso na hannu dubu 45 ne, har da gas da aiki.

Baban Sadik: Wane 45? Maƙwabcina 80 ya biya wata biyu da suka wuce.

Malam Na Masallaci: A fiƙihu akwai zaɓin mayar da kaya saboda aibi, matuƙar aibin ya riga cinikin kuma an ɓoye shi. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ki tafi da dillaliyar da mai gyaran wajen mai unguwarsu kafin Asabar.

Ɗalibar Lauya: Kuma ki sani, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓanin ciniki zalla, maganar kotu ce. Ki adana shaidar tura kuɗin da hoton waldar.

Baban Sadik: Ɗiyata, ke a littafi kika karanta, ni a jikina na gani.

Ɗalibar Lauya: Da girmanka Baba, ai abin da ya same ka shi nake gudar mata.

Mai Gyaran Sanyi: Duk ku bar wannan. Rabin firizojin da ake kawo min, ƙarancin wuta ne ya ƙona su. Kina da sitabilaiza?

Ummu Haidar: Wallahi mu a layinmu wutar ko fanka ba ta juyawa, ga takardar kuɗi duk wata. Sau biyu muna haɗa kuɗin gyaran taransifoma bana.

Ɗan Gangare: Ku nawa kuka bayar kowane gida? Mu dubu 7 aka yanka mana.