Kishin ƙasa bayan kwaminisanci: waɗanne ƙasashe zan ɗauka?

Ɗan Ƙofar Soro: Jama'a, ina rubuta kundin digiri na biyu kan kishin ƙasa a ƙasashen da suka bar kwaminisanci. Malamina ya ce biyu kawai zan zaɓa. Ina neman shawara.

Hajiya Binta, Daura: Ɗana, ɗauki Cekoslobakiya da Yugoslabiya. Ta farko ta rabu biyu a 1993, ba a zubar da jini ba. Ta biyun kuwa sai da aka gwabza yaƙi, har da kisan kiyashi a garin Srebrenica na Bosniya a 1995. Binciko abin da ya bambanta su.

Malam Sani: Ni dai Uzbekistan nake so maka. A 1993 suka yanke shawarar barin haruffan Rasha su koma na boko, amma har yau tsohon rubutun bai mutu ba. Mu da muka san ajami, wannan ba baƙon abu ba ne.

Ɗan Ƙofar Soro: Allah ya saka, Malam. To Rashancin fa, wa zai koya mini a nan Katsina?