Ɗigon jini a ƙafa tare da kaluluwa

Tambaya daga Jos: Likitoci, dattijo ne ɗan shekara 65, zazzaɓi ya ƙi sauka, ga gumin dare, kaluluwa a wuya da hammata, da ɗigo baƙi-baƙi a ƙwauri. Ko magani ne bai karɓe shi ba?

Likitar fata: Ɗan'uwa, danna kofin gilashi a kai. In bai dushe ba kuma yana da tudu, ƙananan jijiyoyin jini ne suka kumbura suna yoyo. A yanki sabon ɗigo, wanda bai wuce kwana 2 ba, a kai gwaji.

Likitan jini: Fata kaɗai ba ta isa ba. Limfoma, wato sankarar kaluluwa, nau'in da ake kira AITL kan zo haka. A ciro kaluluwa ɗungum don gwaji, ba zuƙa da allura ba. Don Allah kar a fara prednisolone (maganin rage kumburi) tukuna, yana ɓata sakamako.

Likitar fata: A duba fitsari ma, saboda ƙoda.