Don Allah a ba ni shawara, yajin shawarma zai raba ni da ƙanwar mijina

Wadda ta ɓoye suna: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan gida. Admin don Allah kar a saka sunana, akwai dangin maigidana a nan.

Ina sayar da shawarma da soyayyen dankalin turawa da awara a Samaru, Zariya, ba nisa da ƙofar jami'a. Na fara ne a 2022, cikin dogon yajin aikin malaman jami'a, wanda aka shiga a Fabrairu ba a fito ba sai Oktoba. Maigidana shagon fotokwafi gare shi, to ɗalibai ba sa gari, wa zai kawo takarda? Gida ya yi tsit. Na sayar da keken ɗinkina da 'yan kunnen da Mama ta ba ni na aure, na fara suyar awara a ƙofar gida, wata rana in sayar wata rana yarana su cinye. Har dariya maƙwabta suka yi mini. Da aka dawo karatu ƙanwar maigidana ta sa kuɗi aka sayi injin gasawa, muka kama ɗan shago, aka ce riba a raba.

Sos ɗin da nake zubawa asalinsa na kakata ne, can cikin birni wajen Ƙofar Kuyambana. Attaruhu, tattasai, albasa, tafarnuwa, citta, ɗan daddawa, a soya da man gyaɗa har ruwan ya tsotse mai ya taso sama. Ni dai na haɗa shi da mayonis don ya zauna a cikin shawarma. Akwai samarin da tun daga unguwar Kongo suke hawo keke napep saboda shi.

To yanzu ƙorafi ya yi yawa. Wata ɗaliba ta sa a sitatus ɗinta wai shawarmata horo ce ba abinci ba. Satin da ya wuce kuma wata ta aiko wai cikinta ya ɓaci kwana biyu. Ƙanwar maigidana ta ce ko in daina sos ɗin nan in koma kecap da mayonis zalla irin na shagunan unguwar PZ, ko in ba ta kuɗinta. Shi kuma ya yi gum, wai mu mata mu sasanta. Wallahi ko barci ba na yi. Ya zan yi?

Hajiya Mai Girkin Biki, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. 'Yata, saurare ni da kyau. Shekara ashirin ina girkin biki da suna a garin nan, ban taɓa ganin wanda ya rage yaji ya yi arziki ba. Mai cewa ya yi yawa gobe shi zai dawo. Matsalarki ba attaruhu ba ne, haɗin gwiwa da dangin miji ne. Ki nemo kuɗinta ko da adashi ne ki miƙa mata, ki huta. Ni ma na taɓa haɗa jari da matar wan mijina, a 2016 da tsutsar nan ta cinye tumatir har kwando ya gagari kowa, ta zare kuɗinta ana saura kwana uku bikin da muka karɓi kuɗinsa. Har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma don zumunci.

'Yar aji uku, Samaru: Anti ni ina ganin na san shagon nan, kuma gaskiya da zafi. Me zai hana ki riƙa tambaya? Mai so a zuba masa, wanda ba ya so a bar shi. Ko ki sa shi a ƙaramar roba a gefe. Ko mai tsire ai a gefen takarda yake zuba yaji, kowa ya dangwali daidai bakinsa.

Wadda ta ɓoye suna: Ƙanwata kin san kuɗin robobin nan yanzu? Kuma in babu sos a ciki shawarmar bushewa take kamar gurasar jiya. Ni tun da safe nake haɗa shi da kabeji da kazar gaba ɗaya a babbar roba, in layi ya taru ba ni da lokacin tambayar kowa ra'ayinsa. Ni kaɗai ce sai yarinya ɗaya.

Baban Walid: Ni wannan kecap ɗin ne ban gane masa ba. Tumatir da sukari fa. Mutum da gemunsa a ba shi nama da zaƙi kamar ɗan yaye. Rannan na sayi shawarma a Sabon Gari, kirim ya yi mata yawa har yana bin gwiwar hannuna, naman ciki bai fi yanka huɗu ba, sauran duk kabeji. Yanzu yarana ko ɗanwake aka yi sai sun nemi mayonis, yajin kuli da man gyaɗa sun zama abin ƙauye. Uwarsu ce ta ɓata su, na yi magana har na gaji.

Maman 'Yan Biyu, Gyallesu: Baban Walid a bar uwarsu ta huta, ba ita aka kawo ƙara ba. 'Yar uwa ni dai ki ji tsoron Allah ki rage. Yaji ne ya ba ni olsa, shekara shida ke nan ko ƙosai ba na ci da barkono. Kar ki ɗauki alhakin 'ya'yan mutane da iyayensu suka turo karatu.

Ma'aikaciyar jinya, Shika: Maman 'Yan Biyu Allah ya ƙara sauƙi, amma yaji ba ya haifar da gyambon ciki. Yawanci wata ƙwayar cuta ce, H. pylori, sai kuma yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen. Likitoci biyu 'yan Ostireliya da suka gano ƙwayar har kyautar Nobel aka ba su a 2005. Yaji yana tayar wa mai ciwon da hankali, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya kawo shi ba. Ki je a gwada ki, ana maganinta.

Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Mai tambaya, kin ce tun safe kike haɗa sos da kabeji da kaza a roba ɗaya. Ƙarfe nawa kike tashi? A ina robar take wuni? Kuma mayonis ɗin na kwalba ne ko ke kike yi?

Hajiya Mai Girkin Biki, Tudun Wada: Ku 'yan asibiti komai ƙwayar cuta. Mu da aka yaye mu da yajin daddawa ga mu nan garau. 'Yata in dai lallai sai kin rage zafin don a zauna lafiya, cire 'ya'yan attaruhun ki zubar, a nan zafin yake, sannan ki jefa sukari cokali biyu. Shi ke nan. Kuma ki daina sayen attaruhu a hannun 'yan tebur, yau su ba ki mai zafi gobe lami. Ki samu mutum ɗaya a kasuwar Sabon Gari mai kawowa daga wajen Hunkuyi ki riƙe shi.

Ɗalibin aikin gona: Hajiya a gafarce ni, ba a 'ya'yan zafin yake ba. Yana cikin farar tsokar nan da 'ya'yan suke manne a jiki, ita ake kankarewa. Sinadarin da ke kawo zafin ba ya narkewa a ruwa, a mai yake narkewa, shi ya sa wanda yaji ya kama in ya sha ruwa ba ya jin sauƙi, sai nono ko madara. To Anti ta soya attaruhu a man gyaɗa ta kuma juye shi a mayonis, wanda shi ma kusan duk mai ne, kin ga ko'ina ya ratsa, babu lomar da mutum zai huta. In ta ƙara tattasai ta rage attaruhu, launi da ƙamshi suna nan, zafin ya sauka.

Hajiya Mai Girkin Biki, Tudun Wada: Yaro, tun ba a haife ka ba nake yanka attaruhu. A littafi ka gani, ni a hannuna na ji.

Wadda ta ɓoye suna: Anti nas, ni nake kaɗa mayonis ɗina da ɗanyen ƙwai da mai da lemun tsami, na kwalba ya yi tsada, in na saya babu riba. Ina haɗawa wajen goma na safe, mu tashi tara ko goma na dare. Akwai firij amma kin san halin wuta. Sai dai ni fa ina da tsafta, kowa ya shaida, kuma shekara nawa ina yi haka ba wanda ya taɓa cewa komai sai yarinyar nan. Wa ya san abin da ta ci a wani wuri?

Ma'aikaciyar jinya, Shika: Innalillahi. 'Yar uwa ba maganar tsafta ba ce. Ɗanyen ƙwai da kaza da kabeji, awa goma sha ɗaya a zafin garin nan babu sanyi? Irin wannan haɗin ko awa biyu ba a so ya wuce a waje. Ba attaruhu ne ya ɓata cikin yarinyar nan ba, ina kyautata zaton robar nan ce. Ko kecap kika koma, in dai haka za ki ci gaba, wata ma za ta kwanta. Soyayyen sos ɗin kakarki shi ne ma ya fi komai jure ajiya a shagon. Ki raba su, ki riƙa haɗa kaɗan-kaɗan, ki sayi ƙanƙara ki sa a kula.

Wadda ta ɓoye suna: Ƙanƙara kullum kuma? Ai sai in rufe shagon. Ni tambayata a kan yaji ce da maganar ƙanwar maigidana, yanzu an mai da ni mai ba mutane guba.

Bakano a Kwangila: Ku Zazzagawa da faɗa a kan shawarma. Ku zo ku ci gurasa bandashe ku ga yadda ake zuba yaji da ƙuli ba wanda ya kai ƙara.

Uwargida, Hanwa: Masu buƙatar yajin tafarnuwa, yajin daddawa da na ƙuli, akwai a ƙananan robobi da manya, ana kaiwa ko'ina cikin Zariya. A yi mini magana ta akwati.

Hajiya Mai Girkin Biki, Tudun Wada: Kin gani ko 'yata? Kowa da tasa. Na faɗa miki tun farko, ba ta kuɗinta. Kuma shi maigidan naki da ya yi shiru, shirun nan goyon bayan ƙanwarsa ne, ki rubuta ki ajiye. Maza duk haka suke, nawa ma da aka yi rikicin tumatir ɗin nan cewa ya yi bai san zancen ba, alhali a ɗakinsa aka ƙirga kuɗin.

Sabuwar shiga: Anti, ɓoye suna bai ɓoye keken ɗinki da Ƙofar Kuyambana ba. Tunda an kawo maganar nan sai a faɗe ta duka. Ban ce ki daina yaji ba, cewa na yi ki daina zuba wa kowa. Kuma ba yarinya ɗaya ba ce, uku ne, biyun ni suka kira saboda lambata ce a jikin allon shagon. Ribar watan jiya ma har yau ban gani ba.

Wadda ta ɓoye suna: Ribar watan jiya ai gas aka cika da ita, kin sani. Admin don Allah a goge wannan rubutun.

Baban Walid: Kafin a goge, a wane layi shagon yake? Ni irin wannan mai zafin nake nema.